Ba Haka Ayar Ta Ce Ba

A gidan makoki sai ka ji ana rarrashin gwauruwa: "Yi haƙuri, Mama, Allah ba ya ɗora wa bawansa abin da ya fi ƙarfinsa." Niyyar mai kyau ce, amma 1 Korantiyawa 10:13, ayar Littafi Mai Tsarki inda ake jingina maganar, zancen jarabar zunubi take yi. Aya ta gaba ma gargaɗi ce kan bautar gumaka.

Manzo Bulus, marubucin wannan ayar, shi ya rubuta a 2 Korantiyawa 1:8-9 cewa wahalar da shi da abokan aikinsa suka sha a Asiya ta fi ƙarfinsu, har suka fid da rai, don kada su dogara ga kansu, sai ga Allah mai ta da matattu.

Saboda haka Mama da ta kwana uku ba ta iya haɗiye tuwo ba, kada a ce mata bangaskiyarta ce ta gaza.