Harold Pinter: Siyasar Tana Cikin Wasanninsa Tun Farko

Masu sukar Harold Pinter, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Birtaniya, sun daɗe suna cewa sai da girma ya zo masa ya tsunduma cikin siyasa, har ya ɓata gwanintarsa ta rubuta wasan kwaikwayo. Tarihinsa bai yarda da hakan ba. An haife shi a 1930 a unguwar Hackney da ke gabashin Landan, ɗan wani tela Bayahude. Yana ɗan shekara 18 ya ƙi shiga aikin soja na dole, aka kai shi kotu sau biyu, aka ci shi tara.

A dubi The Birthday Party na 1958, wanda aka nuna sau takwas kacal a Landan aka dakatar. Wasu mutum biyu, Goldberg da McCann, sun sauka a wani gidan haya a bakin teku, suka rutsa Stanley, wani mazaunin gidan, da tambayoyi marasa kai da gindi, ɗaya na bin ɗaya, har bakinsa ya mutu. Washegari suka sa masa kwat suka tafi da shi. Ba a ambaci wata gwamnati ba, amma wanda ya san ɗakin tambaya na jami'an tsaro zai gane aikin.

Abin da ya ƙaru daga baya shi ne kiran suna. A 1985 shi da Arthur Miller, marubucin wasan kwaikwayo ɗan Amurka, suka je Turkiyya a madadin ƙungiyar marubuta ta PEN, suka gana da waɗanda aka azabtar a kurkuku. A liyafar jakadan Amurka a Ankara, Pinter ya tayar da zancen jona wa fursunoni lantarki a al'aura, aka nuna masa ƙofa, Miller ya bi shi. Daga halin da Kurdawa ke ciki, waɗanda dokar 1983 ta haramta harshensu, ya samo Mountain Language na 1988, wasan da bai wuce minti 25 ba. A ciki, wata tsohuwa ta ziyarci ɗanta a kurkuku, ana dukanta don ta yi magana da harshen mutanen dutse, alhali shi kaɗai ta iya.

Da aka ba shi kyautar Nobel a 2005, rashin lafiya ta hana shi zuwa Stockholm. Daga kan keken marasa lafiya ya naɗi jawabinsa, ya kira mamayar Iraƙi ta'addancin gwamnati, ya nemi a gurfanar da Bush da Blair a Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya. A ganina ya yi gaskiya.

Inda ya kauce hanya shi ne 2001, da ya sa sunansa a kwamitin kare Slobodan Milosevic, tsohon shugaban Sabiya da Yugoslaviya da ake tuhuma da laifukan yaƙi. Hujjarsa ita ce kotun Hague da za ta yi wa Milosevic shari'a ta ƙungiyar tsaro ta NATO ce, ba za ta yi adalci ba. Ko da akwai abin dubawa a nan, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tsayawa da wanda ake zalunta bai kamata ya ara wa wannan kwamiti sunansa ba, bayan sojojin Sabiyawan Bosniya sun kashe maza da yara Musulmi kusan 8,000 a garin Srebrenica na Bosniya a 1995.