Kwanan daji a Illinois, da abin da ya hana mu yinsa a gida

Duk lokacin da na gaya wa 'yan gida cewa mutanen nan kuɗi suke biya su je su kwana a daji, dariya ake yi, a ce Bature ya ƙoshi ne. Ni kuwa ina ganin ba ƙoshi kaɗai ba ne.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke gasa mutane a Kano da Maraɗi, mu a Chicago, a jihar Illinois ta Amurka, sanyi ya fara sassauta mana. Sai ka ga iyalai sun loda tanti da murhu a mota sun nufi Starved Rock, wani gandun daji a bakin kogin Illinois, tafiyar da ba ta cika awa biyu ba. Tun 1911 jihar ta karɓe shi. Akwai kwazazzabai 18, da hanyoyin ƙafa kimanin mil 13. Wannan ne lokacinsa, domin ƙanƙara ta narke, ruwan sama ya sauka, ruwa na kwararowa daga saman duwatsu. In ka bari sai Agusta, yawancinsu sun ƙafe.

Amma fa ba jarunta ce ke kwanar da su a can ba. Dajin an riga an hore shi. Ta intanet za ka kama wurin kwana, a ba ka lamba. Ga wutar lantarki, ga banɗaki, ga da'irar ƙarfe ta hura wuta. Inda hawa ya yi tsanani an kafa matattakalar katako, sai ka ga tsohuwa da sandarta tana bi a hankali, takalminta duk caɓi. Doka kuma kamar a barikin soja: ba a sauka daga hanya, ba a wanka a ruwan, ba a karya ko reshe. Ni da na taso da gatari, sayen ɗaurin itace a tsakiyar bishiyoyi har yau bai daina yi mini ciwo ba.

To, 'yan'uwa, me suke da shi da ya fi Yankari? Tun 1956 aka keɓe ta. Ga giwaye, ga kogin Gaji, ga ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina. Wallahi a Starved Rock abin da ya fi barewa da wuya ka gani. Sai dai mu daji wurin aiki ne, noma da kiwo da itace, wanda ya wuni a cikinsa kuwa ba zai nemi hutu a can ba. Wannan na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a ce ba al'adarmu ba ce. Mafarauta da fatake sun kwana a daji shekara da shekaru. Tsoro ne ya raba mu da shi. Yau wa zai kafa tanti a Kamuku, ta wajen Birnin Gwari, ya kwana da matarsa da 'ya'yansa?

Shiga Starved Rock kyauta ne, kuɗin wurin kwana kawai za ka biya, kuma mutum sama da miliyan 2 ke zuwa a shekara. Ƙaramin garin Utica da ke kusa, da su masu abinci da masu masauki suke ci.