Ba a ranar ganawa ake rasa su ba

Wani labari ya ce asibitocin koyarwa a Amurka suna neman ƙarin likitoci baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka a horon kula da jarirai, musamman bakwaini. Da kyau, amma an makara in sai lokacin ɗauka za a fara nema.

Hanyar doguwa ce: shekara 4 a makarantar likitanci, 3 a horon likitan yara, sannan wasu 3 a ɗakin jarirai marasa lafiya. Wanda ya fito da bashin karatu wajen dala 200,000 dole ya yi lissafi, ga albashin mai karɓar horo bai taka kara ya karya ba. A nan da yawa ke janyewa.

Gara a gayyato ɗaliban shekarar ƙarshe daga Howard, Meharry da Morehouse, makarantun likitanci da aka sani da horar da baƙar fata, su yi wata guda a ɗakin, a biya musu jirgi da masauki, domin rashin kuɗin nan kaɗai kan hana zuwa. A wurin ganawar tantance masu neman horon kuma, tambayoyi iri ɗaya ga kowa, da takardar maki. Hirar sakaka kan sa malami ya zaɓi mai kama da shi.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2023 kan shiga jami'a wanda ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ana taka-tsantsan da ambaton launin fata, alhali mace-macen jariran baƙar fata sun ninka na farare sau biyu.