Ɗaukaka ƙara a shari'ar kisa: wa ke gaya wa talaka?

Duk sa'ad da kotu a Damagaram ta yanke wa mai kisan kai hukuncin kisa, daga unguwar Birni har ta Zango magana ɗaya ake yi a bakin shayi: "To, me ake jira?" In aka ji ya ɗaukaka ƙara, sai a ce wasa ake da jinin mamaci.

Ban ga laifin wanda ya binne ɗansa ba in ya faɗi haka. Sai dai rabon Nijar da zartar da wannan hukunci tun 1976, zamanin Seyni Kunce, a kan waɗanda suka yi yunƙurin juyin mulki. Hukuncin yana nan a doka, majalisar shawara ta gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙi soke shi a Disamban 2010, amma shugaban ƙasa kan sassauta shi zuwa ɗaurin rai da rai. Ke nan mutum zai tsufa ne a gidan kaso, kuma in kuskure aka yi, da shi zai tsufa.

Kuskuren kuwa tun daga ofishin jandarma yake somawa. Manomi ya yi bayani da Hausa ko Barbarci, a rubuta da Faransanci, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba. Tsakanin "na buge shi" da "na yi niyyar kashe shi" akwai ran mutum, kuma a bakin tafinta abin yake. Alƙalai na biyu, wato na ɗaukaka ƙara, su ne ke iya tono irin wannan.

Kotun ɗaukaka ƙara tana nan cikin gari. Lauyoyin ne akasari ke Yamai, kusan kilomita 900, wa'adin ɗaukaka ƙarar kuma 'yan kwanaki ne. An kafa hukumar ANAJJ a 2011 don taimakon marasa hali a harkar shari'a, amma je ka unguwar Kara-Kara ka tambayi wa ya san sunanta. Mai kuɗi lauyansa ya shigar da takarda kafin la'asar. Talaka yana can yana jiran kawunsa ya sayar da akuya.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Me zai hana alƙali, yana gama karanta hukunci, ya faɗa wa mutumin da Hausa kwana nawa gare shi na ɗaukaka ƙara, magatakarda kuma ya bi shi kaso da rajistar ɗaukaka ƙara washegari? Dangin mamaci ma a sa musu ranar zama, su daina zaryar kotu da kuɗin kabu-kabu.