Ina amfanin Moorfields ga mai yanar ido a Dukku?

Na karanta wani labari da ya sanya asibitin Moorfields na Landan cikin manyan cibiyoyin binciken ido, kuma ya yi daidai, amma ban yarda da wani mai sharhi a kan labarin da ya ce sai an fita ƙasar waje ake samun lafiya ba. Asibitin Aravind na Indiya, wanda aka kafa a 1976 da gadaje 11 kacal, ya shahara ne saboda yana yi wa talakawa aikin yanar ido kyauta ko da rahusa daga kuɗin da masu hali suka biya, kuma darasin da ya kamata mu ɗauka ke nan. Muna da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na cocin ECWA a Kano, sai dai tafiyar ta fi ƙarfin manomi. Goggona da ke Dukku a jihar Gombe ta shekara tana lalubar bango kafin ta kai randa, tana cewa tsufa ne, alhali aikin da bai kai awa guda ba ya dawo mata da ganinta. Hawan jinin ido kuwa ya fi muni, domin abin da ya cinye ba ya dawowa. Yaushe za a fara auna idon duk wanda ya haura shekara 40 a asibitocin ƙananan hukumomin Gombe?