Allah ya jiƙan dattijon Birni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta labarin rasuwar wani tsohon baduku na unguwar Birni a nan Damagaram, kuma zan ƙara abin da na gani da idona, domin katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Labarin ya yabi gwanintarsa a ɗinkin jakunkuna da takalman fata, amma a ganina riƙon iyalinsa ya fi cancantar ambato. A yunwar 1984, lokacin da magidanta da yawa suka nufi Kano ci-rani, shi ya zauna, ya sayar da keken da yake hawa ya sayo hatsi, ya kuma ɗauko marayun ƙanensa ya haɗa da nasa 'ya'yan, har mu yaran unguwa muka girma ba mu iya bambance su ba. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, farashin kaya ya hau, bai cire ko yaro ɗaya daga makaranta ba, har da 'yan matan, abin da wasu tsaransa suka yi ta yi masa gori a kai.

Da ya tsufa kuwa, jikoki suka mallake shi. Kowace ranar Alhamis idan ya dawo daga kasuwar Dole, sukan tare shi tun daga bakin zaure suna lalube aljihunsa, shi kuma yana kiran ƙananan matan amarensa, yana raba musu dabino da ƙuli-ƙuli.