Bakano da Tanar Roba

Bakano: Sarkin Ruwa, duba min abin nan. Tanar roba da kifin roba na saro don fatsar giwan ruwa a Tiga, yau na buɗe gwangwani na tarar da alewa.

Basarke: Alhaji, ina ledojinsu?

Bakano: Na juye su wuri ɗaya, ledojin na ba yara su ƙulla gyaɗa.

Basarke: To gyaɗa ta ci riba, kai ka tafka asara. Ledar da suka zo ciki ita ce ɗakinsu, ɗan man da ke cikinta shi ke riƙe musu laushi. Kuma robar iri biyu ce. Akwai PVC ta gama-gari, akwai mai talewa irin ta kamfanin Z-Man, wadda za ka ja ta kamar ɗanko ba ta tsinke ba. Kishiyoyi ne, in suka kwana ɗaki ɗaya sai su narkar da juna.

Bakano: Ni ma mata biyu gare ni, ba wadda ta narke.

Basarke: Kai ne ka narke, dubi wuyanka. Ina ka ajiye gwangwanin?

Bakano: Gaban mota, kusa da gilashi.

Basarke: A watan Afrilu? Ai dafa su ka yi. Inuwa suke so, wuri mai sanyi. Kuma kowace kala da ledarta, don ja da kore suna zuba, su rine fari.

Bakano: Wannan fa da ta tsira, wutsiyarta ta lanƙwashe?

Basarke: Tana da magani. Tafasa ruwa ka sauke, tsoma wutsiyar kamar daƙiƙa 20, miƙar da ita, kwantar a faranti ta huce. Amma cire ƙugiyar nan. Wasu da gishiri ake haɗa su, ka bar ƙugiya ciki ta yi tsatsa, rana ɗaya giwan ruwa ya karya ta ya tafi.

Bakano: Sai in saya musu akwati.

Basarke: Juya gindinsa tukuna. In ka ga PP da lamba 5, wato alamar irin robar da aka yi shi da ita, ɗauka. Mai ƙyalli kamar gilashi, mai saurin fashewa, man jikinsu cinye shi yake yi.

Bakano: To wata nawa suke kaiwa?

Basarke: A rufe cikin leda, a inuwa, shekara 5 ma ba komai. Sai dai tanar da ake kira Gulp, mai zuwa a jiƙe cikin leda, ita ruwanta ne ranta. Ka bar ta a ƙugiya ta kwana, da safe ta ƙanƙance ta zama kilishi, sai da wuƙa.

Bakano: Wannan curin fa, nawa za ka saya?

Basarke: Ko tarwaɗar da ta wuni da yunwa ba za ta kalle shi ba.

Bakano: Miƙo min abina. Kasuwar Kurmi zan kai shi, in ce sabon samfuri ne mai kala bakwai.